Kyanwar da Ta Ƙi Yin Tsalle

A wurin aikinmu Hannun Zinare ake ce mini, kuma na daɗe ina amsa sunan ba tare da na cancance shi ba. Ni ne mai zanen dabbobi a wata maɗaba'a da ke buga littattafan yara. Aibina guda ne, amma babba: ban taɓa zana dabba daga kaina ba. Sai in nemo hoto, in manna shi a gilashin taga, in ɗora takarda marar kauri a kai, in bi layin da fensir. Da zarar na shafa launi, wa zai gane? Shekara goma sha ɗaya ina wannan, ana yabona ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

A ɗakin da nake aiki akwai wani tsoho da muke kira Dattijo. Shi idan zai zana dabba, sai ya fara jan layi guda lanƙwasasshe, ya ce gadon baya ke nan. Ya yi da'ira a wurin ƙirji, ya yi siffar ƙwai a wurin ƙugu, sannan ya jawo ƙafafu ta inda nauyin jikin ya karkata. Kafin ka ƙifta ido kare ya tashi da gudu a kan takarda. Lokacin hutun rana yakan zauna bakin titi yana kallon karnuka da kaji, hannunsa babu fensir, sai ya dawo ciki ya zana abin da ya tuna. Ya sha ce mini in zo mu zauna tare. Ni kuwa sai in yi dariya in ce da'ira da ƙwai aikin 'yan aji ɗaya ne. Ya san sirrin tagar nan sarai, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ina da 'ya mai shekara tara, Auta muke ce mata. Ba ta da abin alfahari a duniya kamar ni. Ashe ta cika 'yan ajinsu da labarin cewa babanta yana iya zana kowace dabba ko da ido a rufe. Wasu suka ƙaryata ta, har gardama ta kai gaban malamarsu. Malamar ta aiko mini takarda cewa in zo in yi wa yara zane a allo. Da na yi hankali da na nemi uzuri, amma son yabo ya ja ni na amsa. Dabarata ita ce in zana wani doki a tsaye, wanda na kwafa sau ba adadi har hannuna ya haddace shi.

Ranar kuwa dokin ya fito, yara suka yi tafi, Auta tana ta waige-waige don kowa ya ga ta ci gardama. Ina shirin ajiye alli sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu, ta ce tana son kyanwa tana tsalle daga kan katanga. Kafin in buɗe baki Auta ta miƙe.

"Zai iya mana. Babana babu abin da ba ya iyawa."

Na juya na fuskanci allo. Kyanwa dai akwai ta a gidanmu, kullum tana gilmawa ta gabana, amma na rasa yadda bayanta ke lanƙwasa idan ta yunƙura. Na fara daga kunne kamar yadda na saba bin gefen hoto. Kai ya fito ƙato, jiki ya sandare, ƙafafu huɗu suka tsaya a miƙe. Na goge na sake. A karo na biyu ƙafafun baya suka karye ta inda ba a taɓa ganin na kyanwa sun karye ba. A na uku allin ya karye a hannuna. Wani yaro ya ce da malamar wannan ai tebur ne mai wutsiya, aji ya fashe da dariya. Malamar ta tausaya mini ta ce lokaci ya ƙure, alhali ba a kaɗa ƙararrawa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban iya kallon wajen da Auta take ba.

A hanyar gida ba ta kama hannuna ba. Mun kusa ƙofa ta tsaya, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba: "Baba, dabbobin cikin littattafan nan, kai ka zana su?"

Na so in yi kwana-kwana, bakina ya ƙi. Na ce mata hotunan wasu nake ɗorawa a taga in bi. Ta murza igiyar jakarta.

"To gobe zan je in ba su haƙuri," in ji ta. "Ni na yi musu ƙarya."

Darasin da ke cikin labarina a fili yake. Wanda ya tsallake koyon tushen sana'arsa don yana ganin ya fi ƙarfinsa, zai iya ɓoye raunin shekara da shekaru, amma akwai ranar da za a miƙa masa alli a gaban jama'a. Kuma kunyar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba, tana faɗa wa wanda ya yarda da shi. Yanzu da furfurata nake zama kusa da Dattijo ina jan da'ira da ƙwai, zanena ya fi na dā muni, amma nawa ne. Kai mai karatu, in akwai abin da kake raina koyonsa, ka koma ka koye shi tun wani bai tsaya maka shaida a kan abin da ba ka iya ba.