Barde da 'Yar da Ya Ƙwato

A can zamanin da, an yi wani sarki mai zafin zuciya wanda ƙarar ma'aurata ta ishe shi. Ya sa aka yi shela cewa duk matar da ta saurari wani namiji alhali igiyar aurenta ba ta tsinke ba, za a karɓe abin da ta haifa a ba uban, shi kuwa manemin a yi masa bulala ɗari. Waziri ya so a ƙara tunani, amma Sarki ya riga ya furta.

To, a cikin mayaƙan Sarki akwai Barde Mantau, mutum ne wanda hannunsa ya riga bakinsa magana. Ya karya wa matarsa Tasalla haƙori tana da goyon 'ya mace 'yar wata biyu, ta yi yaji zuwa gidan uwarta. Shekara huɗu bai je biko ba, bai aiko da ko tsabar gero ba, bai kuma sake ta ba. Rataye ta ya yi don mugunta. Ana nan wani marini mai suna Nomau ya fara kawo musu hatsi, ya rina wa yarinyar zane, har dai zuciyar Tasalla ta karkata. Ni dai ban ga laifinta ba.

Da labari ya kai wa Barde, sai ya yi dariya, don abin da yake jira ke nan. Rana tsaka ya dira marina, ya sari Nomau a hannu har yatsu uku suka faɗa cikin rijiyar baba, ruwan ya koma ja. Ya tattake masa haƙarƙari, ya wuce gidan surukarsa, ya ɓalle ƙyaure da ƙafa. Ya tarar da yara mata biyu a tsakar gida, ɗaya can gefe tana wasa da ƙasa, ɗaya a cinyar Tasalla ana yi mata kitso. Ya maki Tasalla da ƙotar takobi goshinta ya fashe, ya fizge ta cinyar, ya saɓa ta a kafaɗa. Tasalla ta bi shi jini na zuba tana ihu, "Ladidi! Ladidi!"

A haka suka iso fada, an ɗauko Nomau a kan ƙyaure. Barde ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokarka na cika. Ga 'yata na karɓo."

Sarki ya tambayi Tasalla ko gaskiya ne tana sauraron marini. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, ina son sa. Amma ku ba ni Ladidi."

Sarki ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai Waziri ya nemi izini. Ya ce, "Barde, za ka rantse wannan 'yarka ce?"

Barde ya ce, "Na rantse da Wanda ya halicce ni. Kai ba ka ga goshina a fuskarta ba?"

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan mata haihuwarta ɗaya. A ƙasar nan ka taɓa jin uwa ta kira sunan 'yar farinta, balle ta ɗora ta a cinya a gaban mutane? Ga shi tun daga ƙofar fada sunan take kira."

Tasalla ta zube ƙasa tana kuka. Ta ce, "'Yar marigayi yayana ce, riƙonta nake. Na ji tsoron in faɗa ya koma ya ɗauko tawa."

Kunya ta kama Barde, ta koma masa hauka. Ya jefar da yarinyar, ya zare takobi ya yi kan Tasalla. Dogarai suka tare shi da kulake, suka karya masa hannu, suka danne shi fuskarsa a ƙasa.

Sarki ya ce, "Dokata na yi ta ne don uban da aka ci amanarsa. Wannan ko fuskar 'yarsa bai sani ba." Ya sa alƙali ya raba auren nan take. Ya ce a cire wa Barde yatsu uku, bulalar da aka tanada wa marini kuma a zuba masa ita. Ya gyara shela, cewa wanda ya rataye mace shekara guda ba shi da bakin ƙara. Ya ce Tasalla ta yi idda, in ta auri Nomau riƙon 'yarta ya koma hannun kakarta ta wajen uwa, yadda shari'a ta tsara.

Aka aika aka kawo ɗaya yarinyar, 'yar Tasalla ta cikinta. Tasalla ta dubi Sarki, ta dubi taron dattawa, sai ta ajiye kunya ta rungume ta a gaban kowa. Ta ce, "Sa'ade, zo nan, uwata." Yarinyar ta tsaya tana kallon bakinta, don ba ta taɓa jin sunanta daga nan ba.