Magudanar da Herminia Ta Toshe

A ƙauyen Las Garzas, can ƙasan kwarin Sula inda kogin Ulúa yake ratsa gonakin ayaba, an yi wata mata mai suna Herminia Bustillo. Mace ce mai ƙwazo, ba ta san lalaci ba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da ɗan fili a ƙarshen gari, ita kuwa ta mai da filin nan gidan kaji, har ƙwan kajinta ya kai kasuwannin birnin San Pedro Sula. Amma tana da hali guda da ya ɓata sauran, wato riƙo. In ka ɓata mata rai sau ɗaya, har ka mutu ba za ta huce ba. Duk shawarar da ta fito daga bakin wanda ta tsana kuwa, ko ta ceton rai ce, ba ta ɗauka.

Wanda ta fi tsana shi ne Nicanor, ƙanin mijinta. Ranar da aka binne mijin, Nicanor ya ce a gaban jama'a gara ta sayar masa da filin, don mace ba za ta iya riƙe shi ba. Daga baya ya gane ya yi ɓaranɓarama. Ya zo ya ba ta haƙuri, ya turo matarsa, ya turo limamin coci. Herminia ta ce ta ji. Shekaru suka shuɗe ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.

A bayan filinta akwai tsohuwar magudana da kakanni suka haƙa. Duk ruwan da ya sauka a unguwar ƙasa, nan yake bi ya fita zuwa fadama. Da kaji suka yi mata yawa ta rasa inda za ta ƙara rumfa, sai ta sa aka cike magudanar da ƙasa da tsakuwa. Ta gina rumfuna a kai, ta zagaye da katangar bulo, ta bar wa ruwa wani ɗan bututu wanda ko kare ba zai iya bi ta cikinsa ba. Mutane suka yi gunaguni, suka yi shiru, don rabin unguwar a wurinta suke aiki.

Sai dai damina ta daina zuwa yadda aka saba. Rani ya ƙara tsawo, zafi ya ƙara tsanani har kaji suna faɗuwa da rana. In ruwa ya tashi sauka kuma, wanda a da yake rarrabuwa cikin wata guda sai ya zubo a yini ɗaya. Kullum a rediyo ana faɗa cewa duniya ta ɗumama, teku ya yi zafi, guguwa tana ɗauko ruwa fiye da na da. Mutanen Las Garzas ba su buƙaci rediyo ba. Sun ga ruwa ya shiga ɗakunan da bai taɓa shiga ba tun zamanin iyayensu.

A lokacin Nicanor ne shugaban kwamitin gari. Wata safiya ya zo ƙofar gidan kajin tare da wasu dattawa, hularsa a hannu.

"Matar yaya, ina kwana."

Herminia tana jera ƙwai a faranti, ba ta ɗago ba. "Yayanka yana maƙabarta. Je ka gaishe shi can."

"Ba faɗa na zo yi ba. Magudanar nan muke so a buɗe kafin ruwa ya kankama. Mu za mu yi aikin, mu za mu matsar miki da rumfunan. Ko sisi ba za ki kashe ba."

"Ka ji shi! Da ka ce ba zan iya riƙe filin ba. Yanzu da na riƙe, ka dawo da wata dabara. Ruwa ne ya aiko ka ko hassada?"

Wani dattijo mai suna Tiburcio, wanda gidansa yake jingine da katangarta, ya sa baki. "Uwargida Herminia, bara har gwiwa ya kai mana a ɗaki. Katifarmu a rana ta yi mako."

"To ka ɗaga gadonka. Ni na ce ka yi gini a rami?"

"Ba rami ba ne sai da kika toshe hanya!"

"Tun ina goye ake ruwa a garin nan, Tiburcio. Kogin nan na san shi, ya san ni. Ba yau za ku tsorata ni da zancen rediyo ba."

Nicanor ya ce, "Ruwan da kika sani ba shi ne na yanzu ba."

Ta miƙe, ta nuna masa ƙofa. "Ƙafar da ta taka filin nan da diga, da 'yan sanda za ta fita. Ku ɓace mini da gani, tsofaffin banza."

Suka fita. Tiburcio ya tofar da yawu a jikin katangar.

Daga ranar gari ya rabu da ita. Mata suka daina sayen ƙwanta, suna kiranta uwar kaji. Ita ma ta rama, ta sallami duk ma'aikacin da ta ji yana da dangantaka da 'yan kwamiti. A coci benci guda take zama ita kaɗai. Wannan bai dame ta ba, har daɗi take ji, don a ganinta duk baƙin ciki ne suke yi da arzikinta.

'Yarta Griselda tana aure a unguwar ƙasa, da ƙaramar 'yarta Yolani. Griselda ta zo ta sami uwarta a kicin tana gasa gurasar masara.

"Mama, ki bar zancen Baffa Nicanor. Ni fa a can nake kwana. In ruwa ya zo, ni da Yolani zai fara ci."

"Ku dawo nan mana. Ɗaki ne babu?"

"Sauran mutanen fa?"

"Su je gidan baffan naki. Ba shi ne sarkinsu ba?"

"Mama, ko kunya ba kya ji? Ina wucewa ana nuna ni da baki."

Herminia ta juya gurasar. "Ashe ke ma ya saye ki. Tashi ki tafi, kafin in faɗi abin da ba shi da daɗi."

Griselda ta tafi tana share hawaye.

Ƙarshen damina guguwa ta taso daga teku. Aka yi kwanaki ana ruwa ba tsayawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Kafin ta tsane, wata guguwar ta biyo baya, ta fi ta farko. Ulúa ya cika ya tumbatsa, ya haura shingen ƙasar da aka yi masa, ya shigo gari da tsakar rana. Mutane suka kwashi yara da tsofaffi suka nufi makarantar da ke kan tudu. Herminia ta ƙi fita. Ta tsaya a barandarta tana ba sauran ma'aikatanta umurni, har suka watsar da buhunan dusa suka gudu suka bar ta.

Ta ga ruwa ya taru a bayan katangarta kamar tafki, yana neman hanyar da ya saba bi. Bututun ya toshe da ganyen ayaba da leda. Ruwan ya hau, ya hau, har ya zubo ta saman katangar ya cika rumfunan. Kukan kajin ya cika mata kunne, sannan ya fara raguwa. Ta hau rufin ɗaki tana rawar sanyi. Masu kwalekwale ne suka sauko da ita suka kai ta makarantar, kuma ba wanda ya ce mata sannu.

Ambaliyar ta ci duk kwarin, ba Las Garzas kaɗai ba. Amma da kogi ya koma, ruwa ya janye daga ƙauyukan maƙwabta cikin 'yan kwanaki, mutane suka koma suna kwashe laka. A Las Garzas ruwan unguwar ƙasa ya tsaya cak, ba hanyar fita. Mushen kaji ya kumbura yana yawo a kai, kashinsu ya gauraya da na masai, rana tana dukansu. Wari ya kai har makaranta. Bangayen gidaje suka jiƙa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙazamin ruwan ya shiga rijiyoyi, sauro ya yi ƙwai, yara suka fara gudawa da amai.

A makarantar, Herminia ta shimfiɗa kwali a wani lungu. Da ta shiga layin abinci, matar da ke zuba wake ta riƙe ludayin.

"Na uwar kaji ya ƙare. Ki je ki ci kajinki, ga su can sun nuna."

Aka yi dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta.

Jikan Tiburcio, ɗan shekara biyu, shi ya fara rasuwa. Aka rasa busasshiyar ƙasar da za a binne shi sai a bayan makaranta. Da aka dawo, uwar yaron ta nufo Herminia kai tsaye, ta shaƙe mata wuyan riga.

"Kin ji daɗi? Filinki yana nan, ba wanda ya taɓa! Ki ba ni ɗana!"

Da ƙyar aka ɓamɓare ta. Herminia ta buɗe baki za ta ce ba ita ta saukar da ruwa ba, sai ta hango Griselda a bakin aji, riƙe da Yolani. Yarinyar ta yi laushi, idanunta sun faɗa, kanta yana lilo. Herminia ta ruga ta miƙa hannu.

Griselda ta ja da baya. "Kada ki taɓa ta."

"Jikata ce!"

"Na zo na roƙe ki, kina gasa gurasa. Kada ki taɓa ta, Mama."

Nicanor ne ya samo kwalekwale, ya kai su inda mota take iya zuwa, aka wuce da yarinyar asibiti. Washegari ya tara maza da guduma da diga. Suka shiga ruwan nan har ƙirji, sun ɗaure hanci da tsumma, suka nufi katangar. Ba wanda ya nemi izinin Herminia. Ta bi su a baya cikin laka, ta ce a ba ta diga ita ma. Ba wanda ya juyo. Ta ce, "Nicanor." Sunan da ta yi shekaru ba ta furta ba. Ya dube ta, ya ce, "Matsa, za ki ji ciwo," ya ci gaba da sara.

Da katangar ta fashe, ruwan ya yi ƙara ya kwarara zuwa fadama, ya tafi da rumfunan da duk abin da ta tara. Kafin yamma an fara ganin ƙofofin gidaje.

Yolani ta rayu, amma Griselda ba ta dawo Las Garzas ba. Ta zauna a birni wurin dangin mijinta, ta aiko a gaya wa uwarta kada ta neme su. Gari ya sake gini sannu a hankali, aka faɗaɗa magudanar, aka ɗaga shingen kogi. Herminia tana nan a ɗaki ɗaya da ya rage mata. Da safe takan fito ta zauna a bakin ƙofa ta gaishe da duk mai wucewa, babba da yaro. Wasu sukan amsa. Tiburcio yakan tsallaka wancan gefen hanya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne: yanayi ya canza, ruwan yau ba irin wanda iyayenmu suka sani ba ne, kuma wanda ya toshe masa hanya don amfanin kansa, maƙwabtansa da 'ya'yansa yake jefawa cikin halaka. Ba mu da ikon hana hadari haɗuwa, amma muna da ikon buɗe magudana da sauraron gargaɗi tun da sauran lokaci. Kada ƙiyayyar mutum ta sa ka ƙi gaskiyar da ke bakinsa, domin ranar da za ka yarda da ita, mai yiwuwa an riga an binne wani.