Buhuna Goma Sha Biyu na Malama Eduviges

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 1986, da ƙarfe goma da kwata na safe abin ya fara. Ina wurin, ni na kaɗa ƙararrawar taro.

Akwai wani matashin jami'in gona, Wilmer Cárcamo, da aka turo ƙauyenmu a tsaunukan Honduras da sabon irin wake. An gwada gonaki goma sha biyu: shida tsohon iri, shida sabo.

Wilmer ya tara amfanin kowane ɓangare, ya raba gida shida. Sabon iri ya yi rinjaye.

Sai Malama Eduviges, tsohuwar malamar makaranta, ta ce, "Ɗana, gonar dattijo Don Fulgencio ce, cikin masu sabon iri, ta kumbura maka lissafi. Bakin rafi take, ko tsakuwa ka shuka za ta tsiro."

Ta sa aka jera buhu ɗaya a madadin kowace gona, daga mafi ƙarancin amfani zuwa mafi yawa, ta ba su lamba da alli, daga ɗaya zuwa goma sha biyu. Biyar na ƙasa duk sabon iri ne. Ta Fulgencio kaɗai ta haye sama, ta zama ta goma sha biyu.

"Tara lambobin jerin," in ji ta. "Sabo ashirin da bakwai, tsoho hamsin da ɗaya."

Wilmer ya yi dariya. "Iya, layin 'yan firamare za ki yi wa wake? Shekara biyar na yi a jami'a!"

"To a can ma suna koyar da wannan, ɗana. Wataƙila ranar ka makara."

Aka fashe da dariya, har da ni. Amma bayan mai takarda muka bi. Muka dafa tsohon irinmu muka cinye, muka shuka sabo. A kan tudu ya ƙi yi. Kafin Kirsimeti rumbuna sun zama wayam, gida-gida aka yi ƙaura, aka kama hanyar arewa neman abinci.

A watan Maris Wilmer ya dawo, hularsa a hannu. "Malama, koya mini jerin nan."

Ta koya masa. Ta kuma miƙa masa kwalba guda ta tsohon iri da ta ɓoye. "Raba wa waɗanda suka rage."

Ga mu da muka rage a ƙauyen: Malama Eduviges, Don Fulgencio, Tomasa mai gasa burodi, makaho Anselmo, da ni.

Darasi: Gona ɗaya mai albarka na iya ɓoye yunwar gonaki biyar. Kafin ka yanke wa jama'a hukunci da lissafi, jera su ka duba na ƙasa, kuma kada ka raina mai gyara maka. Ku tura wa wani ya karanta.