Kifin Ɗakin Sanyi

Akwai wani mai sayar da kifin teku, ana ce masa Mai Ƙanƙara. Mutum ne mai taurin kai, idan ya faɗi magana ko alƙali bai isa ya sa shi janye ta ba.

Wata rana injin ɗakin sanyinsa ya yi rauni. Ɗakin da sanyi kam, amma kifin ya daina daskarewa. Ya ƙi kiran mai gyara, wai sanyi sanyi ne.

Ƙanwarsa, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta biyo ta shagon. Ta danna kifi da yatsa, wurin ya lotsa. Hankalinta ya tashi.

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ƙwayoyin cutar da kifi ke tahowa da su daga teku sun saba da sanyi. Idan sanyi ya matsa musu, sai su sauya irin kitsen da ke fatarsu zuwa mai ruwa-ruwa, kamar man girkin da ba ya saurin daskarewa. Da haka suke ci gaba da hayayyafa, wasunsu suna barin guba a cikin naman, gubar da ko wuta ba ta kashewa.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wato ƙwayar cuta ma ta iya ɗinka rigar sanyi? Karatu ya yi miki yawa."

"Yaya, ka yi wa Allah ka zubar da shi. Kuma kada ka kai wa Inna, ka san asmarta."

Wannan roƙon ne ya ƙara tunzura shi. Don ya nuna mata iyakarta, ya zaɓi mafi girma ya kai wa mahaifiyarsu da kansa, bai gaya wa kowa ba. Tsohuwa ta ci tana sa masa albarka.

Ba a jima ba fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Kafin a gama saka mata abin numfashi a asibiti, rai ya yi halinsa.

Wallahi abin da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da ya biyo baya. Da likita ya tambayi abin da tsohuwar ta ci, Mai Ƙanƙara ne ya amsa da bakinsa.

Darasi: Gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin ƙaraminka. Girman kai yakan sa mutum ya cutar da wanda ya fi ƙauna da hannunsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sana'ar abinci.