Dalilin da ya sa 'yar maɓalli ke kashe harshe

Dalilin da ya sa 'yar maɓalli ke kashe harshe, ni nan na san shi, don a gabana aka yi. Da idanun nan biyu na gani, lokacin ina saurayi, ina jan jigo da hannu ɗaya ina cin rogo da ɗayan. Kai Ɗanliti, daina murmushi, ubanka ma bai isa ya ƙaryata ni ba.

Ta ina za ku san ta, tunda fadamar duk an yi gidaje a kai? Wata 'yar ciyawa ce da ke kwanciya a bakin hanyar ruwa. Kanta rawaya kamar maɓallin riga, da jan ɗigo a tsaka. To, da can ba haka take ba. Fure gare ta mai dogayen ganye kewaye da kai kamar malafa, daga nesa kake hango ta.

Gwaggona Tabawa tana da lambun albasa a fadamar. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai wushirya, ga haƙora jajaye da goro da furen taba, don a wancan zamanin kwalliyar ke nan. Ga surutu, ko akuya ta samu sai ta ba ta labari. Ran nan haƙorinta na gaba ya kama ciwo. Mijinta Shekarau ya ce, "Ran kasuwa Jatau wanzami zai zo da awartaki ya cire shi."

Ta ce, "Malam, a cire min na gaba? In yi dariya da me?"

Ta tafi lambu tana cire ciyawa tana hawaye. Ta kai hannu kan 'yar maɓalli, sai ciyawar ta yi magana. E, magana! Da can tsirrai na magana, injin ban ruwa ne ya toshe muku kunne.

Ta ce, "Baiwar Allah, kada ki tuge ni. Tauna kaina ɗaya, zan kwantar miki da haƙorin. Amma ki bar ni nan inda laima take, kuma kada kowa ya ji."

Gwaggo ta ce, "Ni? Ai cikina rumbu ne."

Ta tauna, ciwo ya kwanta. Kafin ta kai gida ta gaya wa mata huɗu a bakin rijiya. Kowacce sai ta ce mata, "Ke kaɗai na gaya wa."

Washegari mata suka cika lambun. Su kuwa abin da suka sani da fure shi ne a tsinka a goga a haƙori, yadda ake yi da na taba. Suka bi ciyawar nan suna fizge ganyen furen suna gogawa, alhali maganin a kai yake. Suka bar ta tsirara, suka tafi suna cewa Tabawa ta zuga su.

Kwana biyu ciwo ya dawo, kunci ya kumbura kamar ta ɓoye gauta. Gwaggo ta ruga lambu neman malafar rawaya, babu ita. Ga kasuwa ta ci, ga Jatau ya biyo ta har fadama yana kaɗa awartaki. Ta durƙusa tana rarrafe cikin laka, tana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya, har ta tarar da ɗan kai sanƙo a ɓoye.

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar uwa, bakina ne."

Ciyawa ta ce, "Na sani. Zan taimake ki don wushiryar nan, ba don halinki ba. Amma malafa na daina sawa, mai nema na sai ya durƙusa. Wanda kuma ya tauna ni, harshensa zan ɗaure."

Gwaggo ta kai baki, jan haƙorinta ya ɗiga a tsakar kan. Ta tauna, ciwo ya tafi, harshe ya yi mata nauyi kamar na saniya, yawu na zuba. Jatau ya matso, ni kuwa na ɗaga shi sama na jefa a kududdufi. Aka koma gida, har la'asar Gwaggo ba ta ce uffan ba. Shekarau ya ce, "Jatau, mayar da awartakinka. Shekara talatin ban ji kukan kurciya a gidana ba sai yau."

Da haƙorinta aka binne ta, tana da shekara casa'in.

Shi ya sa har gobe 'yar maɓalli kai kawai take fitarwa, da jan ɗigon Gwaggo a tsaka, mai tauna ta kuma sai harshe ya mutu masa na ɗan lokaci. In kun same ta, ku murza busasshen kan a inda ƙasa ke da laima, za ta fito, ba ta da fushi.

Sai dai zancen jefa Jatau a kududdufi, wannan ni na ƙara. Ƙato ne. Ina ganin awartakin na haye giginya.