Tarin Kajin Dije

An ce wai a wani gari an yi wani alƙali, Malam Lawandi, mutum mai naci, wanda ba ya yanke hukunci sai zuciyarsa ta kwanta. A zamaninsa kwamfuta mai sauraro ta shiga ko'ina. Ita ke jin ƙarar injin casar shinkafa ta ce ya kusa lalacewa, ita ke gano inda bututun ruwa ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Har a gidajen kaji hukuma ta kakkafa ta, don ta ji tarin murar tsuntsaye tun annoba ba ta bazu ba.

Wata rana na'urar ta ce ta ji wannan tari a gidan kajin wata mata mai suna Dije. Likitan dabbobi ya garzayo kotu neman izinin a karkashe kajin duka a binne, domin jira ganganci ne. Dije kuwa ta kafe, ta ce kajinta garau suke, kuma ba ta da abin riƙe 'ya'yanta sai su.

Abin ya yi wa alƙali nauyi. In ya jinkirta, kajin gari na iya ƙarewa. In ya yi gaggawa, ya karya baiwar Allah. Ya sa aka kunna masa tarin da na'urar ta naɗa, ya saurara, ya ce a sake, har mutane suka fara gyangyaɗi. Shi dai ya ƙi tashi.

Can sai ya umarci likita ya yi tari sau biyu iri ɗaya. Likita ya yi, fuska a murtuke. Na'ura ta ce sun bambanta. Aka gwada magatakarda, aka gwada ɗan sanda, kotu ta koma kamar asibiti, ba wanda ya iya.

Alƙali ya ce, "Kun tambayi na'urar nan ko ta ji tari, ta ce ta ji, kuma ba ta yi ƙarya ba. Yanzu ku tambayar mini ita: tarin nan kala nawa ne?"

Aka tambaya. Ta ce guda ɗaya ne yake ta maimaituwa, ba ƙari ba ragi.

"To, mai rai ba ya tari haka," in ji alƙali. "A je a bincike rufin gidan kajin."

A ƙarƙashin kwano aka tsinci 'yar sifika mai fitar da sautin tarin, wayarta ta tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabcin Dije, Tanimu, wanda warin kashin kaji ya daɗe da isarsa. Alƙali ya sa aka tsare shi, ya kuma ce likita ya auna kajin don kawar da shakka. Ba a sami ko ɗaya mai mura ba. Dije ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta.

Na'ura tana da kunne, amma abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. Sanin abin tambaya kuwa, wannan yana wuyan mai hukunci.