Gayyar Masu Gajeren Kwana

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da mata da 'ya'ya huɗu ƙanana, da gonar dawa a bakin rafi. Ba mai arziki ba ne, amma gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba. Abin da aka san shi da shi, ba a taɓa buga gangar gayya a ƙauyen nan an rasa fartanyarsa a wurin ba.

Ku yaran birni, bari in gaya muku abin da ake kira gayya, tunda na san wasunku sun ɗauka a cikin buhu dawa take tsirowa. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum, sai ya sa rana ya gayyaci mutanen gari. Matarsa ta dama kunu ta tuƙa tuwo, maza su zo da fartanyoyinsu, mai ganga yana biye da su yana kiɗa. Kafin rana ta yi tsaka an share gonar da mutum ɗaya zai yi mako uku a cikinta. Ba a biyan kowa. Yau gonarka, gobe tawa. Haka suka tashi suka tarar da iyayensu suna yi.

Ana nan, sai aka kawo wata na'ura kasuwar babban gari. Mutum ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ta yi 'yar ƙara, ta fito da takarda, a jiki an rubuta tsawon kwanan da ya rage masa a duniya. Kada ku tambaye ni ko akwai irin wannan na'ura, misali nake ba ku. Da farko dariya mutane suka yi ta yi. Amma da wani tsoho da aka ba wata biyu ya rasu cikin wata biyun, sai dariya ta ɗauke, kowa ya shiga layi.

Manomin nan ma ya je, gama shi ma ɗan adam ne. Ya karɓi takardarsa, ya ga an rubuta shekara ɗaya. Ya daɗe zaune a gindin wata tsamiya kafin ya tashi ya nufi gida. Da ya faɗa wa matarsa, sai ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sa'an nan ya ce, "Uwar yara, in damina ɗaya ce ta rage mini, to, a cikinta zan cika miki rumbu. Ba zan bar ki da yara huɗu da rumbu wayam ba." Matar ta karɓi takardar ta soke ta a cikin jinkar ɗaki.

Ƙauyen kuwa ya rabu biyu. Waɗanda aka ba shekaru masu yawa suka miƙe ƙafa. Katanga ta tsage, su ce akwai lokaci. A yi musu maganar tuba, su ce sai sun tsufa. Waɗanda aka ba kaɗan, wasu suka sayar da awakinsu suka cinye a tsire, wasu suka shige ɗaki suka ja ƙofa, suna jiran mutuwa kamar mai jiran mota a tasha. Amma abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne abin da ya sami gayya. Da an ce wane ya sa rana, tambayar farko ita ce, "Shekara nawa aka ba shi?"

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, dawa ta tsiro, ciyawa ta biyo ta. Manomin ya sa ranar gayya kamar yadda ya saba. Matarsa ta tashi da sassafe ta dama kunu tukunya biyu. Ya tsaya a bakin gona har rana ta ɗaga, ko mutum ɗaya bai zo ba, har mai ganga.

Sai ga wani saurayi maƙwabcinsa, ƙaƙƙarfa, mai sabon babur, wanda takardarsa ta ce shekara hamsin da takwas. Ya tsaya, bai ko kashe babur ba, ya ce, "Baba, kada ka ga laifinmu. Gayya ramuwa ce. In na yi maka noma bana, baɗi wa zai yi mini?" Ya ba babur wuta ya wuce.

Matar ta dubi tukwane ta ce, "Maigida, yaya zan yi da kunun nan?"

Ya ce, "Ɗauko ki biyo ni."

Suka bi gidajen masu gajeren kwana ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata gwauruwa da aka ba wata takwas. Akwai wani magidanci da ya yi mako biyar bai leƙo waje ba. Manomin ya buga masa ƙofa ya ce, "Ɗan'uwa, fito ka sha kunu. Takarda ta ce za ka mutu, ba ta ce ka riga ka mutu ba. Dawarka tana can ciyawa na cinye ta, yaranka kuwa ba takarda za su ci ba." Wasu suka kore shi, wani ma ya zage shi. Bai fasa ba. Kafin yamma ya tara mutum shida.

Su bakwai ɗin nan suka kafa gayyarsu, ba ganga, sai waƙa da baki. Masu dogon kwana, har da saurayin nan, suna zaune a inuwa, in sun ga wucewarsu sai su ce, "Ga matattu sun fito noma." Manomin ya ce a fara da gonar gwauruwa, domin ciyawarta ta fi yawa, daga nan a bi saura, tasa ta zama ta ƙarshe. Matarsa ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Kai ka tara su, ai da taka ya kamata a fara." Ya ce, "In na fara da tawa, za su ce don kaina na tara su. Ki yi haƙuri, za a zo kanmu."

Aka yi gona shida. Saura tasa, aka sa ranar Litinin.

To, saurayin nan mai babur, tun da ya karɓi takardarsa ya daina sanin birki. In an ce ya rage gudu, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Shekara hamsin da takwas gare ni, me zai same ni?" Ranar Asabar ya shiga gangaren rafi a guje bayan an yi ruwa, babur ya zame, ya kife a kan dutse. Bai mutu ba, amma ƙafafunsa biyu suka karye. Mai ɗori ya ɗaure su da karare, ya ce ba zai taka ba sai bayan kaka. Ga gonarsa ko rabi bai nome ba, gama shi ma yana cikin masu cewa akwai lokaci. Ga matarsa da jariri a goye.

Ya aika wa abokansa masu dogon kwana. Kowa ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Bana dai ta wuce, sai baɗi, ai muna nan tare."

Ranar Litinin da safe, mutum shidan suka hallara a ƙofar manomin da fartanyoyinsu. Ya fito ya ce, "Ba gonata za mu ba yau. Gonar yaron nan za mu."

Gwauruwar ta ce, "Wanda ya kira mu matattu?"

Matarsa ta ce, "Maigida, tamu fa? Ciyawa ta kai gwiwa. Ka yi mini alkawarin rumbu."

Ya ce, "Ban manta ba, uwar yara. Kwana uku kawai, sa'an nan tamu. Takardar yaron nan ta ce ba zai mutu ba, amma ba ta ce matarsa da jaririnsa ba za su ji yunwa ba. Waɗancan suna da baɗi. Ni ba ni da baɗin da zan ajiye alheri a ciki. Wanda zan yi, bana zan yi shi."

Ya saɓa fartanya ya yi gaba. Suka dubi juna, suka bi shi.

Kwana uku suka yi a gonar saurayin. A rana ta uku ruwa ya yi musu duka tun safe, manomin ya ƙi tashi sai da aka kai kunyar ƙarshe, wato layin shuka na ƙarshe. Ya koma gida yana rawar ɗari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Biyu daga cikin abokansa ma suka kwanta. Gonarsa tana nan ba a taɓa ta ba, dawar ta fara ja saboda ciyawa ta shaƙe ta. Duk manomi ya san in aka ƙara mako guda a haka, sai dai a girbe kara.

Washegari matar ta ɗauki fartanyarsa ta tafi gona ita kaɗai. Ta yi kunya biyu, ta ɗaga kai ta dubi abin da ya rage, sai hawaye ya zubo mata. Ta share, ta sake sunkuyawa.

Sai ta ji ganga.

Ta miƙe ta duba hanya. Ga amalanke shanu suna ja, a kai ga saurayin nan zaune, ƙafafu a miƙe cikin karare, ganga a cinyarsa yana bugawa da kansa. Tun da gari ya waye ya sa aka bi da shi ƙofa ƙofa, yana kiran kowa da sunansa yana cewa, "Ku fito ku dube ni! Ni ne mai shekara hamsin da takwas. Waɗanda na kira matattu su suka nome mini gona, masu rai suka ce sai baɗi. Yau wanda bai ɗauki fartanya ba, in na warke kada ya gaishe ni." Kunya ta kama mutane. Suka fito ɗaya ɗaya, har ƙauyen duka ya biyo amalanke.

Matar ta sheƙa gida don ta dama kunu, gama ba a yin gayya da baki a bushe. Itace ya jiƙe da ruwan jiya, wuta ta ƙi kamawa. Ta nemi abin da za ta hura da shi ta rasa. Sai ta miƙa hannu cikin jinka ta zaro takardar nan, ta murƙushe ta, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama.

Manomin yana kwance ya ji kiɗa daga bakin rafi. Ya ce, "Uwar yara, gayyar wa ake yi? Ba ni fartanyata."

Ta ce, "Kwanta, maigida. Taka ce."

Kafin rana ta yi tsaka aka share gonar tas. Da kaka ta yi, rumbu ya cika har sai da aka yi wani ƙarami a gefensa.

Na ga bakinku yana motsi. Kuna so ku tambaye ni ko ya mutu a shekarar. Ya mutu, kamar yadda ni da ku za mu mutu. Ko a shekarar ne, ko bayan shekara goma, ban faɗa ba, ba kuwa zan faɗa ba, gama ba nan misalin yake ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ba mu da na'urar nan, kwanakinmu a hannun Allah suke, amma kowannenmu yana yawo da takardar da ya rubuta wa kansa. Kai saurayi, ka ba kanka shekara hamsin da takwas. Shi ya sa sulhun da ya kamata ka yi da ɗan'uwanka ka ce sai baɗi, tubar ma sai baɗi. Wa ya ba ka baɗi? Ko an ba ka, wa ya ce da ƙafafu biyu za ka shige ta? Ke kuma uwa, da kai baba, da ku da likita ya gaya wa magana mai nauyi, kun ba kanku wata biyu kun ja ƙofa, kuna cewa naku ya ƙare. Ban raina tsoronku ba, manomin ma sai da ya zauna a gindin tsamiya. Amma ya tashi. Muddin akwai numfashi a hancinka, akwai kunyar da Allah ya bar maka ka nome.

Akwai kuma cutar da ta kama mu duka, yara da manya, har da ni mai magana. Kafin mu yi wa mutum alheri sai mun auna ko zai iya ramawa. Mu gaida mai hali, mu wuce tsohuwar da ba ta da kowa. Mu cika gidan bikin wanda muke sa ran zai zo namu. Wannan ba ƙauna ba ce, 'yan'uwa, ciniki ne, kuma shi ne yake kashe gayya a cikin ikilisiya.

Ku tuna da Ubangijinmu Yesu. Shi ya san sa'arsa sarai, ba da na'ura ba. Da ta matso, bai ja ƙofa ba. Ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da ƙafafun wanda zai bashe shi. Abin da ya yi da sauran kwanansa ke nan.

Saboda haka ga aikin da na ba ku. Kowa ya tuna da mutum ɗaya wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa, wanda kuma ba zai iya rama maka ba. Na san sunansa ya riga ya faɗo maka a rai. Kada Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka je gonarsa ba. In zuciyarka ta ce maka sai baɗi, ka amsa mata da maganar manomin nan: ba ni da baɗin da zan ajiye alheri a ciki.